Zama Gida Ko Tafiya Neman Aikin Kwamfuta

Jawabi ga samarin Gobarau da iyayensu

Maganar yau ta shafi gidaje da yawa a unguwar Gobarau da sauran unguwannin birnin Katsina. Kowace shekara samari da 'yan mata suna fitowa daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Alƙalam, da Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, waɗansunsu riƙe da takardar shaidar ilmin kwamfuta. Waɗansu kuwa da kansu suka koyi rubuta manhaja, ko gyaran waya, ko haɗa na'urorin ofis. Da yaro ya ji hannunsa ya faɗa, sai shawara ta taso a zaure: ya zauna gida ne, ko kuwa ya ɗauki jakarsa ya nufi Kano, ko Abuja, ko Ikko? Uba yana da nasa ra'ayi, uwa tana da nata, abokai kuwa kullum labarin albashin wane da wane suke kawowa.

To, albashi abu ɗaya ne kurum cikin abubuwan da ake aunawa. Wanda zai yi ƙaura lalle ne ya san abin da zai rage masa bayan ya biya haya da kuɗin mota, ya san sa'a nawa hanya za ta ci masa kowace rana, ya kuma san irin gwanintar da zai ƙaru da ita a can. In bai yi wannan lissafi tun yana gida ba, zai yi shi a baƙon gari, sa'ad da guzuri ya riga ya ƙare.

Tafiya ba baƙuwar Katsina ba ce

Tun zamanin da, mutane suna shigowa Katsina saboda ilmi, suna kuma fita saboda shi. Hasumiyar Gobarau, wadda tsawonta ya kai wajen ƙafa 50, ragowar babban masallaci ce da makaranta, masana tarihi kuwa suna danganta ginin da zamanin Sarki Muhammadu Korau. A wannan wuri malamai daga ƙasashe masu nisa suka sauka suka karantar. Daga baya birnin ya haifi nasa malamai, irin su Wali Ɗanmasani da Wali Ɗanmarina a ƙarni na 17.

Akwai kuma wanda ya fita. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi gwanin lissafi ne da ilmin taurari. Ya tafi aikin hajji, a shekarar 1732 ya rubuta littafi a kan jeranta lambobi cikin gidajen hatimi yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, sa'an nan ya zauna a birnin Alƙahira har ya rasu a 1741. Bakatsinen da ya bar gida yau saboda aikin lambobi, watau aikin kwamfuta, yana da magabaci tun kusan shekara 300 da suka wuce. Haka kuma da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, yara suka zo daga Sakkwato da Bauci da Barno, cikinsu har da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, kafin a mai da kwalejin Kaduna a 1938.

Amma fataken Katsina da suka riƙa zuwa Gwanja fataucin goro su suka fi barin darasi mai amfani ga wannan magana. Madugu ba ya ɗaga ayari sai ya san zango nawa ne a gaba, da inda ake biyan fito, da yadda goro yake a kasuwar can da ta nan. Riba kuwa sai an dawo gida an sauke kaya ake ƙirga ta. Ƙaura don aiki fatauci ce, hajar da ake kaiwa kasuwa ita ce gwanintar mutum da shekarun ƙuruciyarsa.

Inda aikin yake

Tun da aka fara wayar hannu a Nijeriya cikin watan Agusta na 2001, aikin fasaha ya yawaita, amma bai rarrabu daidai a ƙasa ba.

Ikko ita ce babbar kasuwa. A bakin tekunta manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin ruwa suke fitowa, kamar MainOne da Glo-1 da suka iso a 2010, da Equiano a 2022. A can yawancin bankuna suke da hedkwata, masu zuba jari kuma a can suke sauka. Kamfanonin biyan kuɗi ta intanet, irin su Interswitch da Flutterwave da Paystack, a can suka yi ƙarfi, har wani kamfanin Amurka mai suna Stripe ya sayi Paystack a 2020. Unguwar Yaba ta yi suna wajen masu rubuta manhaja, kasuwar kwamfuta ta Ikeja kuwa wajen masu saye da sayarwa da gyara. Mai neman ya zauna kusa da gwanayen da suka fi shi, a Ikko zai fi samunsu. Amma daga Katsina zuwa can ya haura kilomita 1,000, kuma kowane aiki guda masu nemansa suna da yawa ƙwarai.

Abuja, wadda ta zama mazaunin Gwamnatin Tarayya a watan Disamba na 1991, kasuwarta dabam ce. A can hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA take, da hukumar kula da kamfanonin waya ta NCC, da kamfanin Galaxy Backbone mai haɗa ma'aikatun gwamnati, da ofisoshin jakadanci da na ƙungiyoyin agaji. Aikin Abuja galibi na kula da na'urorin ofis ne, da tsare bayanai, da kwangilar gwamnati. A nan takardar shaida tana da daraja fiye da yadda take a Yaba, inda akan ce wa yaro ya nuna abin da hannunsa ya gina.

Kano ita ce mafi kusa, wajen kilomita 170 daga Katsina. Ƙarfinta ciniki ne. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Dawanau suna bukatar mai tsara musu lissafin kaya, da mai sayar musu ta intanet, da mai kula da na'urorin karɓar kuɗi. Kasuwar waya ta Farm Centre makaranta ce ga mai son gyara. Ga Jami'ar Bayero, ga rassan bankuna da na kamfanonin waya. Albashin Kano bai kai na Ikko ba, amma wanda yake aiki a can yana iya tasowa ran Jumma'a da la'asar ya kwana a Gobarau. Kaduna da Zariya su ma suna da nasu rabo, musamman ta wajen makarantu da ma'aikatu.

Katsina kanta, tun da ta zama jiha ran 23 ga Satumba 1987, babban mai ɗaukar ma'aikata shi ne gwamnati: sakatariya, da asibitoci, da jami'o'i, da makarantu. Kasuwar ƙarama ce, gurabe kuma ba su buɗewa kullum. Sai dai gwanaye ma ba su da yawa, saboda haka wanda ya iya aiki da gaske ba ya daɗewa ba a san shi ba. Makarantu masu zaman kansu, da kantunan magani, da dillalan hatsi, da yawansu har yanzu da biro da littafi suke lissafi, kowannensu kuwa abokin ciniki ne ga yaron da ya iya sauƙaƙa masa aiki.

Akwai kuma Maraɗi, ƙasa da kilomita 100 ta hanyar Jibiya. Harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne, amma aikin ofis da Faransanci ake yi, kuɗi kuma sefa ne. Mai dogara da wannan hanya ya tuna an rufe iyakar Jibiya daga Agusta 2019 zuwa Afrilu 2022, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, har Nijeriya ta buɗe nata ɓangare a Maris 2024. An aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi a Fabrairu 2021, mai tsawon kilomita 284, wadda aka tsara ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Amma mai lissafin ƙaura da hanyar da yake iya hawa ran da zai tashi zai yi lissafi.

Lissafin kuɗi

Albashin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki ba duka yake shiga hannu ba. Akwai haraji, akwai kuma kashi 8 cikin 100 na fansho da dokar 2014 ta ce a cire daga wajen ma'aikaci. Abin da ya saura shi ne za a fara kasaftawa.

Ga misali domin a ga yadda ake lissafin. Lambobin na kwatance ne kawai, kowa sai ya sa nasa bayan ya bincika. A ce samari biyu ne daga lungu ɗaya. Na farko ya sami aiki a Ikko, naira 450,000 tana shiga hannunsa a wata. Na biyu ya sami nasa a Katsina, 220,000. Duk wanda ya ji zai ce na farko ya ninka ɗan'uwansa. To, a ce na Ikko yana biyan haya 120,000 a wata, kuɗin mota 80,000, abinci 110,000, wuta da intanet 40,000, yana kuma ware 30,000 saboda zuwa gida da salla ko in wani abu ya taso. Jimla 380,000, saura 70,000. Na Katsina yana ɗaki a gidan ubansa, yana ba da 60,000 na cefane, mota 25,000, wuta da intanet 40,000. Jimla 125,000, saura 95,000. Ashe mai ƙaramin albashi shi ya fi ajiya.

Har wa yau akwai kuɗin shiga gari, wanda samari suka fi mantawa da shi. A Ikko da Abuja galibi hayar shekara guda ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali, ga kuɗin rubuta yarjejeniya, ga katifa da tukunya. Duk wannan kafin a karɓi albashin fari ne. Yaro da yawa da bashi ya fara zaman birni, ya shekara yana biya.

A kuma lura, lissafin bara ba ya yi wa bana aiki. Da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya tashi a ko'ina, da aka saki darajar naira cikin watan Yuni na wannan shekara kuwa, kwamfuta da waya da duk kayan da ake shigowa da su suka yi tsada. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke a Yuli 2024 naira 70,000 ne. Labarin wanda ya tafi shekara biyar da suka wuce ba zai isa hujja ba, sai a tambayi wanda yake can yanzu.

Lissafin hanya

Kuɗi in sun tafi ana iya samun waɗansu, amma sa'ar da aka ɓatar cikin mota ta tafi ke nan. Mutumin Gobarau da ke aiki a sakatariya ko a jami'a yakan hau Keke Napep ko babur, kafin rabin sa'a ya isa, da rana ma yana iya dawowa ya ci abinci. Wanda bai taɓa zama a babban birni ba yakan ɗauka haka abin yake ko'ina.

A Abuja ƙaramin ma'aikaci ba safai yake iya hayar ɗaki a tsakiyar gari ba. Sai ya koma Kubwa, ko Lugbe, ko Nyanya, ko ya ƙetare iyaka zuwa Mararraba ta Jihar Nasarawa, ko Suleja ta Jihar Neja. Hanyar Mararraba da Nyanya ta yi suna wajen cunkoso safe da yamma. A Ikko kuwa manyan ofisoshi da yawa suna kan tsibiri, a Victoria Island da Ikoyi da Lekki, masu ƙaramin ƙarfi suna can Agege da Ikorodu da makamantansu. Babbar gadar da ake kira Third Mainland, wadda aka buɗe a 1990, tsawonta ya kusa kilomita 12, da safe kuwa takan cika maƙil. Gwamnatin jihar ta kawo manyan motocin BRT a 2008, da jirgin ƙasa na cikin gari, shuɗin layi a 2023 da jan layi a 2024, sun kuwa rage wahala ga waɗanda suke kusa da tashoshinsu. Amma a 2022 an hana acaɓa a ƙananan hukumomi da dama, har da Ikeja da Surulere, saboda haka dabarar hawa babur a tsallake cunkoso ba ko'ina take yiwuwa ba.

A ce mutum yana sa'a 2 zuwa, sa'a 2 dawowa. A mako mai kwana 5 na aiki, sa'a 20 ke nan. A mako 48 sun zama sa'a 960, watau kwana 40 cur, dare da rana, yana zaune cikin mota. Ga mai aikin kwamfuta wannan hasara ta fi ta kowa ciwo, gama sana'arsa kullum canzawa take, wanda bai sami lokacin karatu da dare ba kuwa, cikin 'yan shekaru ƙannensa za su wuce shi. Saboda haka ɗaki ƙarami kusa da wurin aiki, ko da a haɗa kuɗi ne da abokai biyu, sau da yawa ya fi babban ɗaki mai araha a bayan gari.

Akwai kuma doguwar hanya, ta zuwa gida. Daga Abuja yini guda ne a mota, daga Ikko ya fi haka. Jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, ya sauƙaƙa wani yanki na tafiyar, amma bayan harin da aka kai masa ran 28 ga Maris 2022 sai da ya tsaya har watan Disamba. Katsina tana da filin jirgin sama, sai dai kuɗin tikiti ba na ƙaramin ma'aikaci ba ne. Wanda yake da tsofaffin iyaye, ko mata da ƙananan 'ya'ya, lalle ya tambayi kansa: in aka buga masa waya da tsakar dare, yaushe zai iso Ƙofar Ƙaura?

Aiki daga gida

Tun annobar korona ta 2020 wata hanya ta uku ta buɗe, watau mutum yana zaune a ɗakinsa a Katsina yana yi wa kamfanin Ikko ko na Turai aiki ta intanet. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a 2014 yana tara masu rubuta manhaja a ofishinsa na Ikko, a 2020 ya koma wannan tsari gaba ɗaya. Wanda ya dace da irin wannan aiki ya haɗa albashin birni da arahar gida. Jiha ma tana amfana, gama harajin albashi inda mutum yake zaune ake biya.

Amma wannan hanya tana da nata sharuɗɗa. Na farko wuta. Mai aiki daga gida ba zai dogara ga wutar KEDCO kaɗai ba, sai ya tanadi faifan sola da batir, wannan kuwa jari ne mai nauyi. Na biyu intanet. Ya kamata ya riƙe layuka biyu na kamfanoni dabam dabam. Ko da haka akwai abin da ya fi ƙarfinsa: a Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, a Maris 2024 kuma wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace, intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama. Intanet na tauraron ɗan'adam na Starlink ya shigo Nijeriya a 2023, amma da tsada. Na uku lokaci. Ingila agogonta ɗaya ne da na Nijeriya ko bambancin sa'a guda, amma ƙarfe 9 na safe a Kalifoniya ƙarfe 5 ne ko 6 na yamma a Katsina, watau mai yi musu aiki dare zai raba.

Sharaɗi na huɗu ya fi sauran nauyi. Kamfanoni ba safai suke ba sabon shiga aikin nesa ba, sun fi son wanda ya riga ya goge, wanda ba sai an tsaya a kansa ba. A 2019 Andela kanta ta sallami ƙananan injiniyoyi wajen 400, ta ce masu ba ta aiki manya suke nema. Tun daga ƙarshen 2022 kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun fara yin waɗansu ƙananan ayyuka da a da ake ba masu koyo. Wannan ya sa ƙofar shiga ta ƙara ƙunci.

Lissafin gwaninta

A nan ne lissafin samarin nan biyu yake iya juyewa. In na Ikko ya zauna shekara 2 ko 3 ƙarƙashin gwanaye, suna duba aikinsa suna gyara masa, ya taɓa manhajar da dubban mutane suke amfani da ita, to ko bai ajiye kuɗi ba ya ajiye abin da ya fi kuɗi, yana kuma iya dawowa Katsina da aikin nesa a hannunsa, ko ya buɗe nasa. In kuwa aikin da ya je yi na zaman jiran kwamfuta ta lalace ne, ba mai koya masa kome, to ya yi hasara biyu. Haka na gida: in ya sa sa'o'in da hanya ta bar masa cikin karatu, ya shiga horo irin shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2023, ya gina wa 'yan kasuwar garinsa abin da ake gani, ya ci riba. In a majalisa ya ƙarar da su, arahar gida ba ta amfane shi da kome ba.

Saboda haka kafin yaro ya karɓi aiki, ya tambaya wa zai zauna ƙarƙashinsa, kuma waɗanda suka riga shi a wannan kujera ina suke yanzu.

Kafin a ɗaura kaya

Kada kowa ya tashi sai da takardar ɗaukar aiki a rubuce, mai nuna albashi da wurin aiki da kwanakin zuwa ofis. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, alkawarin baki kuma ba aiki ba ne. Duk wanda ya nemi a ba shi kuɗi kafin ya ba da aiki, a guje shi. Ana iya duba sunan kamfani a rajistar hukumar CAC ba tare da an bar Katsina ba.

Wanda ya sami hali ya je ya kwana bakwai a garin tukuna, ya bi hanyar ofis da ƙarfe 6 na safe ran Litinin, gama gani ya kori ji. Hausawan Agege da na Idi Araba sun daɗe suna saukar da baƙi, ɗan'uwa ba zai rasa masauki ba. Shekarar bautar ƙasa, wadda aka fara tun 1973, ita ma dama ce ta gwada baƙon gari da kuɗin gwamnati. Ya kuma tafi da guzurin wata 3 a ƙalla, da kuɗin motar dawowa a ware, waɗanda ba za a taɓa ba.

Iyaye kuma suna da nasu aiki. Kada a tsare yaro don tsoro kawai, kada kuma a tura shi don ɗan maƙwabci ya tafi. A zauna da shi da takarda da biro a yi lissafin nan tare, a yanke wa'adi, shekara 2 ko 3, sa'an nan a sake zama a duba abin da aka samu. In 'ya mace ce, a fara da maganar masauki da amincin hanyar da za ta riƙa bi, a kuma ba ta dama daidai da ilminta. Kada a ɗora wa sabon ma'aikaci nauyin gida duka tun watan fari, gama wanda aka matsa wa da aike shi ne yakan faɗa hannun masu zamba ta intanet, ƙarshenta kuwa kotu ce da zubar da sunan gida.

Wanda lissafinsa ya nuna tafiya, ya tafi da izinin iyaye, ya riƙe amana, ya riƙa waiwayen ƙannensa da abin da ya koyo. Wanda lissafinsa ya nuna zama, ya zauna ba tare da jin kunya ba, ya kama aiki. Allah ya yi wa na gida da na tafe jagora.